Makon Farko na Annoba: Me Sashen Lafiya na Ƙaramar Hukuma Ya Tanada?

A watan Disambar 2016 sanƙarau ya fara kwantar da mutane a ƙauyukan jihar Zamfara. Sai ranar 16 ga Fabrairun 2017 ma'aikatar lafiyar jihar ta sanar da Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, cewa masu cutar sun yi yawa a ƙananan hukumomi huɗu. Riga-kafin gama-gari bai kankama ba sai a watan Afrilu. Kafin damina ta sauka ta kwantar da cutar a watan Yuni, an lissafa mutum 14,518 da ake zargin sun kamu a faɗin ƙasa, 1,166 daga cikinsu sun rasu, mafi yawa a Zamfara, Sakkwato da Katsina.

Wata biyun da suka shige tsakanin majinyatan farko da rahoton farko, a cikinsu aka yi asarar da ba ta gyaruwa. Kuma ba rashin littafin aiki ya jawo ba. Tun 1998 ƙasashen Afirka da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da tsarin sa ido kan cututtuka da ake kira IDSR, bayan masifar sanƙarau ta 1996 wadda a Najeriya kaɗai ta kama fiye da mutum dubu 100, ta kashe sama da dubu 11. Mutanen Kano da suka ga yadda Asibitin Zana ya cika ya batse a waccan shekara ba sai an ba su labari ba. Najeriya ta karɓi tsarin a 2001. Kundinsa, wanda bugunsa na uku ya fito a 2019, ya faɗi komai dalla-dalla: cutar da ake kai rahotonta nan take, wadda ake kaiwa mako-mako, wanda zai cike takarda, wanda zai karɓa, da matakin da za a ɗauka in lamba ta kai wani adadi. Takarda dai akwai. Abin dubawa shi ne me waɗannan kayan shiri suke nufi idan suka sauko sakatariyar ƙaramar hukuma, inda mutum ɗaya da babur ɗaya ke kula da mazaɓu goma ko fiye.

Wannan mutumin shi ne jami'in sa ido kan cututtuka, wanda ma'aikatan lafiya ke kira DSNO. Kowace cikin ƙananan hukumomi 774 tana da shi, yawanci da mataimaki. Daga hannunsa rahoton kowane ƙaramin asibiti ke bi ya tafi wurin jami'in annoba na jiha, daga can zuwa Abuja. Takardunsa sanannu ne: 001A ta majinyaci guda da ake zargi, 001B ta rakiyar samfuri zuwa ɗakin gwaji, 001C ta jera sunayen majinyata idan sun yi yawa, 002 ta mako, 003 ta wata. Akwai wata ƙa'ida a ciki da ake yawan rainawa, ita ce rahoton sifiri. Ko asibiti bai ga ko mutum ɗaya mai sanƙarau ba a wannan mako, dole ya rubuta ya ce bai gani ba. Dalili kuwa, shiru ma'ana biyu gare shi: ko lafiya lau ake, ko kuwa mai kula da asibitin ya tafi gona, ko an sace shi, ko wayarsa ba kati. Wanda ke zaune a sakatariya ba shi da hanyar rarrabe waɗannan sai da wannan sifirin.

Kayan aiki mafi amfani a cikin kundin, a ganina, shi ne mizanin lamba. Ga sanƙarau, a yanki mai mutum dubu 30 zuwa dubu 100, idan aka samu mutum 3 cikin kowane dubu 100 a mako guda, an shiga matakin faɗakarwa: a fara bincike, a ɗebi ruwan ƙashin baya a gwada, a duba abin da ke sito. Idan suka kai 10, annoba ce. A wurin da bai kai mutum dubu 30 ba, mutum 2 a mako sun isa faɗakarwa, 5 kuma annoba. Amfanin mizanin shi ne yana cire gardama. Ba sai an jira shugaban ƙaramar hukuma ya gamsu ba, ba sai kwamishina ya auna ko maganar za ta ɓata wa gwamnati suna ba. Lamba ta kai, aiki ya wajaba.

Sai dai akwai tarko a ciki, kuma nan ne ake gane wanda ya fahimci aikin da wanda ya haddace shi kawai. A ɗauki ƙaramar hukuma mai mutum dubu 300. In aka yi lissafi a dunƙule, sai an samu mutum 30 a mako kafin a ce annoba. To a ce mazaɓa ɗaya mai mutum dubu 20 ta kwantar da yara 15 cikin kwana bakwai. A lissafin dunƙule rabin hanya kawai aka kai, alhali a wannan mazaɓar an ninka mizanin annoba sau uku. Shi ya sa ƙa'idar ta ce a rarraba manyan yankuna, a yi lissafi ƙanana-ƙanana. Wannan kuwa yana buƙatar sanin yawan mutanen kowace mazaɓa, a ƙasar da rabonta da ƙidaya tun 2006, kuma a yankin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka suka cusa mutanensu cikin garuruwa. Jami'in da ya san aikinsa yakan koma ga ƙidayar gidaje da aka yi don riga-kafin shan inna, domin ta fi hasashen da ake yi daga Abuja kusa da gaskiya.

Ko lamba ta kai, riga-kafi ba ya zuwa da kansa. Rumbun riga-kafin gaggawa na duniya yana hannun wani kwamiti da ake kira ICG, wanda aka kafa a 1997, kuma ba ya sakin allura sai an nuna masa shaidar ɗakin gwaji cewa ga irin ƙwayar da ke yawo. Wannan sharaɗi yana da dalili. Riga-kafin MenAfriVac da aka yi wa miliyoyin mutanen Arewa daga 2011 ya kusan shafe nau'in A, amma wanda ya ɓarke a Yamai a 2015, ya kuma ɓarke a Zamfara, nau'in C ne, wanda wancan riga-kafin ba ya tarewa. Ke nan dukan sarƙar, daga Janeba, inda kwamitin yake, har ƙauye, ta rataya a kan wani aiki ƙarami: a samu ma'aikacin da ya iya ɗiban ruwan ƙashin baya, a samu allurar ɗiban, a samu 'yar kwalbar da ke riƙe ƙwayar da rai a hanya, a samu kuɗin motar da za ta kai ta ɗakin gwaji. A 2017 kaɗan ƙwarai daga cikin majinyatan aka ɗebi samfurinsu, kuma wannan na cikin abin da ya ja lokaci. A watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon riga-kafin Men5CV mai tare nau'i biyar. Ci gaba ne babba, amma shi ma sai an ga cutar an kai rahoto kafin a san inda za a nufa da shi.

Wani kayan shirin shi ne auna haɗari tun kafin komai ya faru. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin da take kira STAR, inda ake tara masu ruwa da tsaki su jera masifun da ka iya afkuwa, su auna yiwuwar kowace da girman ɓarnarta, su fitar da kalandar shekara. A ƙasar Hausa wannan kalanda ba ɓoyayya ba ce, kowace tsohuwa ta san ta. Sanƙarau yana biyo ƙurar hunturu ya yi ƙarfi da bazara, ƙyanda ma da rani take tashe, zazzaɓin Lassa daga Disamba zuwa Afrilu, amai da gudawa kuwa da damina, lokacin da ruwa ke wanko bayan gida cikin rijiyoyi. Abin da takardar ke ƙarawa a kan sanin tsohuwa shi ne tilasta wa hukuma ta juya kalandar zuwa ranar saye da ranar kaiwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ledojin ƙarin ruwa da za a buƙata a Agusta, a watan Mayu ya kamata su isa garin da hanyarsa ke yankewa in rafi ya kawo.

Lissafin kayan amai da gudawa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ake ganin bambancin shiri na gaske da na baka. Wajen kashi 80 cikin 100 na masu cutar ruwan gishiri da sukari kaɗai ya ishe su, in an fara da wuri. Wanda jikinsa ya bushe sosai kuwa, ƙa'ida ita ce mililita 100 na ƙarin ruwa ga kowane kilo na nauyinsa. Babban mutum mai kilo 60 zai sha lita 6 cikin awa uku, wato leda 12 in mai rabin lita ce. Irinsa goma suka zo a dare ɗaya, leda 120 sun tafi kafin asuba. Sito mai kwali biyu bai shirya ba, ko da sunansa na cikin jerin waɗanda aka ce an kai wa kaya. Haka sinadarin kulorin: haɗin wanke hannu daban, na wanke ƙasa da gadaje daban, na bayan gida da gawa kuma ya fi su ƙarfi nesa, kashi 2 cikin 100. Garin kulorin da ya shekara biyu cikin zafin sito mai rufin kwano ya riga ya rage ƙarfi, kuma ba a gane hakan da ido. Idan ana kula da majinyata yadda ya kamata, waɗanda ke mutuwa ba sa kai 1 cikin 100. A 2021 Najeriya ta lissafa mutum 111,062 da ake zargi, 3,604 suka rasu, wato sama da 3 cikin 100, kuma Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara ne kan gaba. Wannan tazara tsakanin 1 da 3 yawancinta nisan hanya ce da sito marar kaya.

Yanzu da yawan rahoto ya koma waya. Manhajar SORMAS, wadda masana na Najeriya da Jamus suka ƙirƙira bayan Ebola, ta fara aiki gadan-gadan a 2017, kuma a zamanin korona ta bazu ko'ina. Jami'i zai shigar da majinyaci a ƙaramar hukumarsa, a gan shi a jiha da Abuja a lokaci guda, sakamakon gwaji ma ta nan zai dawo. Ba mai musun amfaninta. Amma a tuna da watan Satumbar 2021, ana tsakiyar waccan annobar amai da gudawa, aka katse layukan sadarwa a duk jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna, aka taƙaita hawa babur, aka hana sayar da fetur a jarka, aka rufe kasuwannin mako. Duk abin da jami'in sa ido ke dogaro da shi, waya da babur da mai, an taɓa shi cikin mako guda. Shirin da aka rubuta a Abuja ba lallai ya hango irin wannan ba. Shirin da aka rubuta a Shinkafi ko Batsari dole ya hango, ya faɗi ta hannun wa takarda za ta bi in babu sabis, da kuma takardar izinin da jami'an tsaro za su gani su bar babur ɗin lafiya ya wuce.

Akwai kuma abin da ba ya shiga kowace takarda, domin yawancin marasa lafiya a karkara ba asibiti suke fara zuwa ba. Kemis suke zuwa, ko wurin mai maganin gargajiya, ko su kwanta a ɗaki. Kundin 2019 ya ba da ƙarfi ga sauraron jita-jita da labarin abin da ba a saba gani ba, kuma tarihinmu ya nuna dalilin. Gubar dalma da ta kashe yara kusan 400 a Anka da Bukkuyum a 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da suka fita neman sanƙarau ne suka ci karo da ita. A Kano cikin Afrilun 2020, masu haƙa kabari ne suka fara cewa gawawwaki sun yi yawa, tun hukuma na musantawa. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an lissafa mace-mace 979, kuma rabi ko fiye suna iya zama na korona. Mai haƙa kabari, mai wankan gawa, limamin da ke sallar jana'iza, ungozoma, wanzami, mai kemis, malamin makarantar allo mai almajirai ɗari a zaure ɗaya, waɗannan su ne suke fara gani. Shirin ƙaramar hukuma da babu sunayensu da lambobinsu a ciki, yana jiran labari ne daga wurin da labari ke zuwa a makare. NCDC tana da lambar kira kyauta, 6232, amma mai unguwa ya fi sakewa ya kira wanda ya sani, wanda kuma ya tabbata ba zai jawo masa tuhuma ba.

Wannan batu na tuhuma ba ƙarami ba ne. Ma'aikacin da ya kai rahoton amai da gudawa aka kira shi aka yi masa faɗa don ya tona asiri, ya koyi darasi, kuma duk abokan aikinsa sun koya tare da shi. Shi ya sa ake jin "gudawa mai tsanani" a bakin jami'ai makonni kafin wani ya yarda ya furta kalmar kwalara.

Yaƙi da shan inna ya bar mana gado a wannan fanni. Bayan ƙaurace wa riga-kafin da aka yi a 2003 da 2004, an gane cewa ba a shiga gidan mutum sai ta ƙofar da ya yarda da ita, aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a 2009, aka gina hanyar saƙo daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. An kafa cibiyar ayyukan gaggawa a Abuja a 2012, aka kafa irinta a jihohi har da Kano. Lokacin da Patrick Sawyer, wani matafiyi daga Laberiya, ya sauka Legas da Ebola ranar 20 ga Yulin 2014, daga wannan cibiya aka ɗauko mutane da salon aiki, Dokta Faisal Shu'aib ya jagoranta, aka bi sawun kusan mutum 900 da suka yi hulɗa da masu cutar. Abin ya tsaya a mutum 20, takwas suka rasu, cikinsu har da Dokta Stella Adadevoh wadda ta hana Sawyer fita daga asibiti. Daga nan aka ɗauki tsarin kwamanda ɗaya da rassa sanannu, na sa ido, na jinya, na gwaji, na kaya, na wayar da kai, aka yaɗa shi zuwa jihohi. Matsalar ita ce kuɗin shan inna ne ya daɗe yana biyan man babur da alawus ɗin masu sa ido a ƙananan hukumomi, kuma tun da aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna ranar 25 ga Agustan 2020, wannan rijiya take ja da baya. Mashaƙon da ya mamaye Kano daga ƙarshen 2022, cutar da allurar jarirai ta mako 6, 10 da 14 ke tarewa, ya nuna inda aka yi sakaci.

Ga ƙananan hukumomin bakin iyaka akwai shafin da ya kamata a ƙara. Sanƙarau da ya tashi a jihar Damagaram a ƙarshen 2022 ya bayyana a Jigawa cikin wannan kakar. Mutumin Jibiya da na Maraɗi kasuwa ɗaya suke ci, haka na Maigatari da na Magarya. In jami'in wannan gefe yana da lambar takwaransa na wancan gefe, labari zai iso cikin minti biyar. In kuwa sai ya bi ta Yamai da Abuja, zai iso bayan jana'iza.

Ta yaya za a san ko duk wannan shiri yana aiki? Makin da ƙasa ke samu a binciken ƙasa da ƙasa kan shirin annoba, kashi 39 a 2017 da 54 a 2023, yana auna Abuja ne fiye da yadda yake auna Gumel ko Gummi. Ma'aunin da ya fi dacewa da ƙaramar hukuma shi ne wanda ake kira 7-1-7, da aka gabatar a 2021: a gano ɓarkewar cuta cikin kwana 7 da fara ta, a kai rahoto cikin kwana 1, a kammala matakan farko cikin kwana 7. Kyawunsa shi ne ba ya buƙatar kwamfuta. Kwanan wata huɗu ne za a rubuta, a cire wannan daga wancan, sannan a zauna a tambaya: a ina aka tsaya, me ya tsayar? Da za a riƙa yin haka bayan kowace ɓarkewa, a kuma yi atisaye sau ɗaya kafin bazara, sau ɗaya kafin damina, ko da a kan tebur ne, da an gano tun da wuri cewa lambar da ke cikin kundin ta jami'in da aka yi wa canjin wurin aiki shekara biyu da suka wuce ce, ko kuma makullin sito yana aljihun wanda ya tafi Umara.

Amsar da aka fi samu ga "me ya tsayar" ita ce kuɗi, kuma ba manyan kuɗi ba. Tawagar kai ɗaukin gaggawa tana nan a rubuce: mai kula da lafiya a matakin farko, jami'in sa ido, mai gwaji, duba-gari, mai wayar da kai, wani lokaci da malamin dabbobi. Abin da ke hana ta tashi shi ne man mota da kuɗin abinci na kwana uku. Sai an rubuta takarda, ta je teburin darakta, ta je na ma'aji, ta jira shugaba ya dawo daga babban birnin jiha. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko, jihar Kano ma ta buɗe layin kasafi na musamman don shirin annoba a kasafin 2021. Sai dai sa kuɗi a kasafi daban, sakinsu daban, sakinsu a daren Juma'a kuma wani abu ne na uku. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, in har ya tabbata a aikace, zai cire wa shugabanninsu uzurin cewa jiha ce ta riƙe. Daga nan kansila ko ɗan jarida zai iya tsayawa a sakatariya ya nemi a nuna masa nawa aka ajiye don kwana ukun farko, a wane asusu, da sunayen mutum biyun da za su iya sa hannu a fitar ba tare da an jira shugaba ba.